Na Biya Maroƙi Ya Kushe Ni

Samarin da suka buɗe shagon buga sitika a bakin tashar Ƙanƙara suna yawan zuwa rumfata shan inuwa, don nasu shagon kwano ne sama da ƙasa, da rana ta take sai ya gagari zama. Ba na hana su. Abin da ke ɓata mani rai shi ne hirar da suke zuwa da ita. Wai zane ba wani abu ba ne, magana ce ke sayar da kaya. Wai a zamanin nan in mutum ya iya rubuta bayanin kansa, ya faɗi ko shi wane ne da abin da zanensa ke nufi, ko kashin kaji ya shafa a allo za a saya. Sun ji an ce na taɓa kai zane Abuja da irin wannan takarda, shi ne suke so in koya masu yadda ake tsara ta. Na ce masu to, amma daga tushe zan ɗauko, don wanda bai taɓa wanke buroshi ba bai cancanci a fara masa da Abuja ba.

Sunana Tukur, ana ce mani Tukur Mai Fenti. A Funtuwa na koyi aiki, wajen Malam Garba, wani gajeren mutum mai faɗan tsiya, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da ya ba ni shi ne goge ƙyauren bayan wata gingimari da samfefa. Katako ne mai kauri, tsohon fenti ya yi ɓawo a kansa hawa-hawa. Na goge har fatar yatsuna ta saɓule, na kira shi ya duba. Ko kallon ƙyauren bai yi ba, bayan hannunsa ya shafa a kai, ya ce in sake. Na daɗe a kan samfefa da wankin buroshi da kananzir kafin ya yarda in riƙe alli, na kuma daɗe a kan alli kafin in taɓa fenti. Ranar da na fara taɓawa ma ba zane ya ba ni ba, lambar mota ce, kuma sai da na sha ranƙwashi a kanta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Manyan buroshi na shafe a kanti ake saye, amma ƙanana na fitar da ido da gashi da farce mu muke yin abinmu. Gemun bunsuru ya fi komai, sai a je mahauta a roƙa, a wanke shi da sabulu har warin ya ragu, a ɗaure da zare a kan tsinken gora. Akwai zaren da ake turmusawa a garin alli, a ja shi a saki ya bar layi miƙaƙƙe. Akwai sanda mai dunƙulen tsumma a kai, wadda ake dogara hannu a kanta don kada ya yi rawa. Sai gwangwanayen madara na haɗa launi. Haɗin kuwa shi ne rabin aikin. In kananzir ya yi yawa fenti ya dinga zubar da hawaye, in ya yi kaɗan ya riƙe buroshi ya ƙi tafiya. Ba a gwada shi da cokali, da jan hannu ake ganewa.

Motar Alhaji Sale na Ketare ita ce aikin da ya fitar da ni bayan na dawo gida na kafa rumfata. Masara yake kaiwa kudu, kuma zaki yake so a ƙyauren baya. Na zana, na cika, na ja baya ina jiran yabo. Ya zauna a benci ya daɗe yana kallo.

“Malam Tukur, wanga zaki naka ya cika ladabi,” in ji shi. “Kamar wanda ya samu sahun gaba a masallaci. Ni wanda na baya zai gani ya rage gudu nika so.”

Na sauko da girar zakin kaɗan, na ɗiga ja a gefen ido, na buɗe leɓen sama har haƙori ɗaya ya leƙo. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Alhaji ya miƙe ya ce yanzu aka yi magana. Motar ta bi kasuwanni, Sheme, Yankara, Faskari, har Sabuwa, duk inda ta tsaya direbobi su tambayi wanda ya yi. A lokacin iyakar tallarmu ke nan. Mai kaya shi ke faɗin abin da zane ke nufi, shi ke biya, mota kuma ta yi yawo da shi. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da ke cikin zuciyata, ni ma ban taɓa dubawa ba.

Daga baya daji ya ɓaci. Ba sai na yi wa ɗan yankin nan bayani ba, amma saboda na nesa: ɓarayi suka cika dajin da ke bayanmu, suna tare hanya, suna shiga gari su ɗauki mutum sai an biya fansa. Kuma ba da ka suke ɗauka ba, akwai masu kai masu labari a cikinmu, waɗanda ake kira infoma. Sai kowa ya koyi ɓoye abin hannunsa. Mai shanu ya koma sa riga mai faci. Mai gini ya gyara ciki, ya bar bangon waje yana zubewa. In ka tambayi mutum ya aiki, ko buhu ɗari ya noma, sai ya marairaice ya ce bana dai sai godiya. Masu motoci kuma suka fara zuwa wurina da wata sabuwar buƙata, in shafe adon da na yi masu. Alhaji Sale da kansa ya kawo tasa, ya ce in mai da ita tsohuwa. Na haɗa ja da baƙi da ɗan ruwan ɗorawa, na bi gefen kusoshi da ƙasan ƙofa ina zana tsatsa da soso. Ƙyauren zakin kuwa ya sa aka ciro, aka maye gurbinsa da katako tsirara, ya bar mani shi. Wasu ma suka yi haka. A haka tsofaffin ƙyamare suka taru a bayan rumfata, kaji na kwana a ƙarƙashinsu.

A nan Hajiya Rabi ta gan su. ’Yar Funtuwa ce amma a Abuja take zaune, tana da wani zaure inda take baje kolin zane tana sayar wa manya da Turawa. Taya ce ta yi mata faci a bakin tasha, tana jiran mai faci ta zagaya neman inuwa. Na ga mace ta tsaya gaban zakin Alhaji Sale ta dafe ƙirji, na ɗauka kunama ta gani. Ta ce duka take so, za ta kai Abuja, in an sayar mu raba. Na ce ta kwashe har da kajin. Ta ce saura abu ɗaya, ba a rataya zane a can sai da bayanin mai zane, takarda ce da ake mannawa a gefe, mai saye ya karanta ya san abin da yake saye. Ta fiddo waya ta ce za ta yi mani tambayoyi.

“Baba, me ya sa kake zana zaki?”

“Mai mota ya ce zaki.”

“A’a, a zuciyarka. Me zakin yake nufi?”

“Hajiya, zaki dai shika nuhi.”

“Wannan jan da ka zuba a bayansa fa, kamar gari yana cin wuta?”

“Shi ya rage a gwangwani ranar.”

Ba ta karaya ba. Ta tambaye ni ko ɓarayin daji sun taɓa tare ni. Na ce a’a, Allah ya tsare, amma babu gidan da ba shi da wanda aka taɓa. Ta gyaɗa kai a hankali, ta yi ta danna waya. Ba na zarginta da komai, ta san kasuwarta kamar yadda na san tawa.

Bayan kwana biyu ta kira ni ta karanta mani abin da ta rubuta, tana juya shi daga Turanci. An rubuta shi kamar ni ke magana. Wai ni Tukur na tashi a bakin daji, inda tsoro ya zama abincin yau da gobe. Wai buroshina shi ne makamina. Kowane zaki da na zana talakan Ƙanƙara ne da ya ƙi durƙusa wa ’yan bindiga, jan da ke bayansa ƙauyukanmu ne da aka ƙona, tsagewar katakon kuma raunin ƙasata ne da bai warke ba. Tsagewar nan na san ranar da aka yi ta, yaron mota ne ya ja da baya ya daki turken wuta.

Na ce, “Hajiya, ni hwa ban hwaɗi haka ba.”

Ta ce, “Bakinka bai faɗa ba, Baba, amma hannunka ya faɗa.”

Maganar ta yi mani daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina tsugune a bayan motoci hayaƙi na dukan fuskata, ashe jarumi ne ni ban sani ba. Na ce ta sake karanta wurin makamin nan, ta sake.

Ranar buɗe baje kolin na ɗinka shadda sabuwa, Hajiya ta ce in cire, in sa rigar aikina mai dabbare-dabbaren fenti, ita mutane ke so su gani. Zauren fari fat, sanyi kamar cikin randa. An rataye ƙyamaren kowanne da fitilarsa, an goge kashin kajin amma an bar tsagewar. Na tsaya a gefe ina lura da yadda ake ciniki, don ɗan kasuwa ko’ina ya je kasuwa yake kallo. Mutum zai shigo ya nufi takardar, ya tsaya ya karanta ta tsaf, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ɗan waiga ya kalli zakin don ya tabbatar yana nan. Wani Bature ya kama hannuna ya ƙi saki, idonsa ya kawo ruwa, har na fara neman wanda zai kawo masa kujera. Wani mai gilashi ya tsaya gaban ramin da aka cire ƙusar lamba, ya tambaya ko harsashi ne. Na buɗe baki zan amsa, Hajiya ta taka mani ƙafa. Daga nan na gane aikina a wurin, in sunkuyar da kai in yi shiru kamar mai tuna wani abu. Na iya kuwa. Kafin a rufe an saye duka. Bayan an cire kuɗin zaure da na mota da na fitila, abin da ya zo hannuna ya yi mani rufin ɗaki da takin bana da ragon layya, ya ƙare.

Kafin in iso Ƙanƙara takardar ta riga ni. Wani ya ɗauki hotona tsaye gaban zaki ya sa a waya tare da bayanin, wani kuma ya juya shi da Hausa da muryarsa ya ƙara gishiri, aka yi ta turawa. A Ƙanƙara an ce Turawa sun biya ni da dala. A Faskari an ce an ba ni gida a Abuja. Kafin labarin ya kai Sabuwa har na fita waje na dawo. Kuma a ko’ina ba a manta da wurin makamin ba. Na sauka a tasha, mai shayi ya ce, “Alhaji Tukur, barka da sauka,” ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Na amsa baki har kunne. Sai da na kwana biyu na lura bencin rumfata babu kowa. Mutanen da muka shekara muna hira a kai sai su ɗaga mani hannu daga tsallaken titi su ƙara sauri.

Matata Hajara ce ta fassara mani. Na shigo cin tuwo, ta ajiye kwano ta tsaya a kaina.

“Malam, kai da bakinka ka ce kana yaƙi da mutanen daji?”

“Ba ni na ce ba, takarda ta ce.”

“To in sun zo, takardar za su ɗauka ko kai?”

Na ture kwanon gefe. A garin nan abu biyu ke sa a zo wa mutum, a ce yana da shi, ko a ce yana da baki. Takardar Hajiya ta haɗa mani duka biyun, ta sa hotona a sama don kada a yi ɓatan kai. Kuma in an ɗauke ni, kuɗin gidan Abuja za a nema, ni kuwa rufin ɗaki da rago gare ni. Hajara ta ce mu tattara mu koma Zariya wurin yayanta. Na ce gidan nan ubana ya gina shi, a nan aka yanke mani cibiya, ba zan je in tsufa a zauren suruki ina jiran a miƙo mani kwano ba. Ta ce to in san yadda zan yi, don ita ba za ta sayar da akuyoyinta a kan zaki ba.

Na kira Hajiya Rabi. Ta tsorata da gaske, ta yi ta salati, ta ce yanzu za ta cire daga shafinta, ta kuma cire. Amma abin ya riga ya shiga wayoyin da ba ta san masu su ba. Can sai ta ce a hankali, “Baba, in ka yarda, wannan ma abin rubutawa ne. Mai zanen da rayuwarsa ke cikin haɗari saboda aikinsa. Akwai masu neman irin wannan sosai.” Na kashe wayar.

Tunda magana ta ɗaure ni, na ce magana ce za ta kwance ni. Na tafi wurin Ila, maroƙin garinmu, mutumin da babu biki ko suna da ake yi ba a ji muryarsa ba. Yana da ’yar lasifika mai batir da yake ratayawa a kafaɗa. Na same shi yana cin rogo, na ce aiki na kawo, so nake ya bi kasuwanni ya zage ni, zan biya.

Ya ajiye rogon. “Malam Tukur, zambo ai kyauta muka yin shi, ga wanda ya hana mu. In na yi maka zambo, cewa za a yi ka hana ni. In ka hana ni kuwa, kana da shi ke nan ka hana. Ka ga na ƙara maka kuɗɗi.”

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na ce to mi za a yi?

“Tausai za a ba mutane. Wanda aka zaga ana jin haushi nai, wanda aka tausaya wa an gama da shi. Zauna in tambaye ka.”

Na zauna, ya shiga yi mani tambayoyi, sak yadda Hajiya ta yi. Idona yana gani sosai? Na ce garau. Ya ce daga yau yana hazo. Hannuna yana rawa? Na ce ko kaɗan. Ya ce ya fara. Na san abin da aka rubuta da Turanci? Na ce an karanta mani. Ya ce ba a karanta ba, dangwala mani yatsa aka yi. Duk na yarda. Sannan ya ce saura babba, zakin nan wa ya zana shi? Na ce ni mana. Ya girgiza kai.

“Muddin kai ka zana, kana iya zana wani, Turawa su sake biya. Maigidanka na Huntuwa ya zana, kai gwangwani ka riƙe mashi.”

A nan muka yi gardama har la’asar. Na ce ya ce ina bara ma na yarda, amma zakin nan nawa ne, ni na sauko da girarsa. Ila ya ce in zaɓa, ko zaki ko kwana a gida. Na bar masa zakin.

Ranar kasuwar Ƙanƙara na laɓe a rumfar mai gyaran rediyo ina ji. Ila ya tsaya tsakanin ’yan hatsi da ’yan tumaki ya buɗe lasifika. “Jama’a, a taya Tukur Mai Fenti da addu’a. Bawan Allah an cuce shi. ’Yan birni sun kwashe katakon marigayi Malam Garba a kuɗin itacen girki, sun tsai da Tukur gaban hoto kamar ɗan akuyar talla, sun sallame shi da kuɗin mota. Ido ya tahi, hannu ya tahi, dama can ba wani iyawa ya yi ba. Wanda ke da tsohuwar riga ya tuna da Tukur.” Wurin “dama can” ɗin nan ba ya cikin shirinmu, ƙari ne daga wurinsa. Na biya masa kuɗin mota ya je Faskari, ya je Sabuwa, kuma duk kasuwar da ya je sai ya dawo da sabon ƙari. A Sabuwa an ce mani har hawaye ya yi. Mutumin da ya shekara talatin yana yabon mutane, ban taɓa ganin aiki ya karɓe shi kamar wannan ba.

Mutane kuwa suka yarda nan da nan, har abin ya ba ni haushi. Yabon Abuja sai da aka yi ta gardama a kansa, amma wannan ko mutum ɗaya bai ce a’a ba. Wasu ma cewa suka yi dama sun daɗe da sani. Mai shayi ya sauke ni daga Alhaji ya mai da ni Tukur, ko Malam babu. Wata tsohuwa ta aiko mani da kwanon dawa sadaka, Hajara ta karɓa ta yi godiya da fuskar tausayi, ta shigo ciki ta yi dariya har da riƙe ciki. Benci ya sake cika. Aiki kuma ya ɗauke ƙafa, masu shaguna suka koma wurin samarin sitika, don ba mai ba makaho allonsa.

Ana cikin haka, wata rana bayan azahar, wani mutum ya tsai da babur a gaban rumfata. Ban san shi ba. Babur ɗin sabo ne, irin manyan nan da mutanen daji ke so, amma manoma ma suna saye in albasa ta yi kuɗi. Ya ce daga wajen Damari yake. Waɗanda ke kan benci suka tuna da uzurori ɗaya bayan ɗaya. Mutumin bai kalli gwangwanaye ba, rufin rumfar ya kalla, da takalmina, da wayar da ke aljihuna.

“Kai ne na Abuja?”

“Ni ne wanda aka cuta a Abuja.”

“An ce ba ka iya ba.”

“Haka aka ce.”

“Wasu kuma sun ce ka iya, ɓoyewa kaka yi. Yi mani mikiya bisa tankin babur in gani.”

Ya zauna a benci ya miƙe ƙafa. Na jawo gwangwanaye. Na wanke tankin da fetur, na murje wurin, na yi masa shimfiɗar fari na bari ta sha iska, duk ina tunanin yadda zan yi. Na ɗauki alli, kafin in ankara hannuna ya ja layin fiffike, ya fito lanƙwashe yadda ya kamata, kamar ba shi da labarin halin da ake ciki. Na yi maza na goge da tsumma, na ce alli ne ya zame.

Ku da kuke cewa zane ba wuya, ku gwada ɓata shi da gangan a gaban mai kallo. In ka ɓata da yawa za a gane wasa kake yi, don ko yaro ba ya sa ido a wutsiya. Dole ya lalace irin lalacewar mai gaskiya, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa Allah bai ba shi ba. Na ajiye sandar dogara hannu. Na riƙe buroshi can ƙarshen tsinke, inda ba a riƙewa. Na tuno duk kuskuren da Malam Garba ya ranƙwashe ni a kansa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na gajarta fiffike ɗaya. Na kumbura wuya. Bakin da ya kamata ya lanƙwasa kamar lauje na miƙar da shi na faɗaɗa. Ido na kai shi baya kaɗan, na yi shi zagaye, ya fito kamar mai mamakin abin da ya same shi. Sau da yawa hannun yana so ya gyara, ina danne shi kamar mai riƙe akuya a wurin awo. Gumi ya jiƙa mani riga. Rawar hannun da Ila ya ƙaga mani, ranar ta zo da kanta. Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamarsa ba, ban kuma taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ja baya na ce an gama. Ya taso ya zagaya babur ɗin, ya sunkuya, ya karkata kai. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har yana dukan sirdi.

“Wagga ai agwagwa ce aka kora daga rahi.”

“Iyakar iyawata ke nan.”

“Ashe gaskiya Ila ya hwaɗi. Sa sunanka nan ƙasa, don masu yi mani gardama su gani da idonsu.”

Na so in ce fenti ya ƙare, amma gwangwanin yana gabansa. Na tsuguna na rubuta Tukur Mai Fenti, Ƙanƙara, baƙaƙen ma na karkatar da su. Ya biya ni, ya ƙara mani wani abu a kai ya ce in sayi maganin ido. Ya tada babur ya yi yamma.

Babu wanda ya zo mana, ranar ko bayanta. Hajara ta kwance ƙullin kayan da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Har yau ban san ko wane ne mutumin ba. Yana iya zama ɗan aiken daji, yana iya zama manomin albasa da suka yi musu da abokansa a majalisa. Ba kuma wanda zan tambaya.

Abu ɗaya na manta ban ɓata ba, shimfiɗar farin nan da na yi kafin in fara. Na yi ta yadda ake yi, don haka fentin ya kama tankin kam, rana da ruwa ba su yi masa komai ba. Babur ɗin ya sauya hannu, yanzu wani ɗan kabu-kabu ke jan shi tsakanin Faskari da Sabuwa, ran kasuwa ya shigo Ƙanƙara. Makon jiya na fito masallaci na same shi a bakin tasha, mutane sun kewaye shi suna dariya, agwagwar tana sheƙi kamar jiya aka yi ta. Wani direba baƙo ya sunkuya ya karanta sunan da ƙarfi, aka nuna masa ni. Ya dube ni, ya dubi tankin.

“Baba, tsakani da Allah kai ka yi wannan?”

Na dubi fuskokin da ke wurin, akwai biyu da ban sani ba. Na ce masa ni na yi, na kuma ɗaga murya yadda na bayansa ma zai ji.